Kafin ka kai kuɗinka sitidiyo: jagora ga mai son koyon waƙa a Maraɗi

Mako ba ya wucewa ban samu saƙon murya daga wani yaro ko wata yarinya ba. Wani daga unguwar Zariya, wata daga Bagalam, wani ma daga Tibiri ko Tasawa. Su rera baiti biyu, sai tambaya ta biyo baya, kullum kusan iri ɗaya: "Kawu, ka ji muryata. Wane sitidiyo zan je, kuma nawa ne?" Amsa wa mutum ɗaya-ɗaya ta gajiyar da ni, shi ya sa na zauna na rubuta. Amma ku yi haƙuri, maganar sitidiyo tana can mataki na 9, don can ne wurinta. Na daɗe ina amshi kafin a ba ni mikro a gaba, kuma yawancin waɗanda na ga sun watse a hanya, ta wutsiya suka kama abin. Zan riƙa cewa "ka" don sauƙin magana. Ƙanwata, har da ke nake, kuma inda maganar ta shafe ki ke kaɗai zan faɗa.

1. Fara da gida

A garin nan da yawa daga cikin iyaye, in suka ji "mawaƙi", roƙo suke ji, ko yawon dare. Kada ka ɓoye musu, domin Maraɗi ba ta riƙe sirrin mai murya. Ranar da hoton bidiyonka ya faɗa wayar maƙwabciya, magana ta lalace. Nemi wanda Baba ke jin nauyinsa, baffa ko kawu ko malaminka na Islamiyya, ka fara yi masa bayani, ku je tare. Ka tafi da amsar tambayoyi uku: wace irin waƙa, a hannun wa za ka koya, ƙarfe nawa za ka riƙa dawowa gida. Bege ne, faɗakarwa ce, ta biki ce, ko ta zamani, ka faɗi gaskiya.

Gargaɗi: kada ka bar makaranta ko shagon da kake koyon sana'a. Shekarun farko waƙa ci take, ba ta ciyarwa.

2. Auna muryarka

Kayan aiki: wayar hannu, littafin rubutu mai shafi 100, biro. Sauke manhajar piyano ta kyauta da manhajar da ke nuna sunan sautin da mutum ya rera. Da hantsi, ba da farkawa daga barci ba, ka taɓa sauti ɗaya a tsakiyar piyano ka bi shi da "aaa". Ka riƙa sauka ɗaya bayan ɗaya har inda murya ta fara gurnani, ka rubuta sunan sautin. Ka koma ka hau har inda ka ji wuya ya fara ɗaurewa, ka tsaya nan, ka rubuta. Abin da ke tsakanin biyun shi ne gonarka. A cikinta kuma akwai wani yanki na tsakiya inda muryar ke fita ba wahala, kamar kana hira. Nan za ka gina waƙoƙinka na farko.

Ɗauki muryarka a waya yau, ka sa mata kwanan wata, ka ajiye. Duk ƙarshen wata ka sake ɗaukar wannan baitin dai. Abokai za su ce maka ka fi kowa, waya kuwa ba ta jin kunyarka.

Gargaɗi: yaro namiji da muryarsa ke fashewa lokacin balaga kada ya tilasta mata hawa. Ya rera a hankali a inda ta yarda, ya jira ta zauna. Kuma duk ku daina matse maƙogwaro don ku yi siririyar muryar da kuke ji a waƙoƙin finafinai. Da yawa daga cikinsu kwamfuta ce ta taɓa su.

3. Numfashi da ɗuma murya, kullum

Nan ne aikin yake, kuma nan ne yara ke gudu, don babu mai tafa wa mutum a kansa. Minti 20 zuwa 30 a rana sun isa. Minti 20 kullum sun fi awa uku ranar Lahadi.

Kwanta rigingine a tabarma, ɗora littafi a kan cibiya. Ja iska ta hanci, littafin ya tashi, kafaɗu su zauna inda suke. In kafaɗa ce ke tashi, numfashin bai sauka ba. Bayan kwana bakwai ka koma yi a tsaye, hannu a kan haƙarƙari, ka ji suna buɗewa gefe da gefe. Sannan ka saki iskar da "sss" siririya, kana kallon agogo. Rubuta daƙiƙa nawa ka kai. Ko 12 ka fara da su ba komai, abin nema shi ne sautin ya fita daidai daga farko har ƙarshe, ba ya rawa, ba ya ƙarewa da shaƙewa.

Ɗumi kuma ga jerinsa. Minti 2 kana gunji baki rufe, "mmm", har ka ji leɓe da hanci suna ɗan kaɗawa. Minti 3 kana karkaɗa leɓe kamar yaro mai kwaikwayon babur, kana hawa kana sauka. Sai ka ɗauki tsinken shan lemo ka tsoma bakinsa cikin ruwa rabin kofi, ka rera ta cikinsa, ruwan yana ɓulɓula a hankali, minti 3. Wannan na ƙarshe yana rage wa maƙogwaro nauyi, ni har bayan biki nake yin sa don murya ta huce. Daga nan sai wasula biyar, a, e, i, o, u, a kan sauti ɗaya, sannan waƙa.

Yanzu maganar da za ta ɓata wa wasu rai. Zuma, citta, kanumfari, ɗanyen ƙwai, duk abin da aka ce maka yana "buɗe murya", hanyar ciki yake bi in ka haɗiye. Tantani biyun da ke kaɗawa su ba da murya kuwa a bakin hanyar iska suke, abin da ka sha ba ya bi ta kansu. Shayin citta da zuma yana sanyaya maƙoshi, ka sha abinka, amma ba ya gyara muryar da aka wahalar. Abin da ke taimakonta shi ne ruwa, kurɓi-kurɓi tun safe, da barci, da yin shiru in ta gaji.

Gargaɗi kan yanayin garinmu: daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana busar da maƙogwaro. In za ka hau kabu-kabu ka rufe hanci da baki da rawani ko gyale, da dare kuma ka shaƙi tururin ruwan zafi zalla. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kada ka yi atisaye da tsakar rana. Da azumi ka mai da shi bayan shan ruwa da kamar awa ɗaya.

Gargaɗi na biyu, wanda ya fi: taba, shisha, tramol da maganin tari da ake sha don "ƙarfin hali". Ƙwaya tana ɓoye maka zafin da ke gaya maka ka tsaya, sai ka ci gaba da ihu a kan rauni. In murya ta dishe, ka yi shiru. Raɗa ba hutu ba ce, ita ma tana wahalar da murya, haka yawan gyaran murya da ƙarfi. Dishewar da ta wuce mako biyu ba ta mai chemis ba ce ko mai tallar magani, ta likitan kunne da hanci da maƙogwaro ce, wanda ake kira ORL a asibiti.

4. Gyara kunne

Mai murya mai daɗi da ba ya zama a kan sauti, duk makaɗi gudunsa yake. Koyi do, re, mi, fa, sol, la, si, hawa da sauka, da manhajar piyano. Taɓa sauti, saurara, rera, duba manhajar aunawa ka ga ko ka yi ƙasa ko sama. Yawancin masu farawa ƙasa suke yi, musamman a ƙarshen layi inda iska ta ƙare. Bayan wata guda ka gwada sautuka biyar kaɗai, do, re, mi, sol, la. Za ka ji kamar ka dawo gida, don kiɗanmu na gargajiya da yawa a kan sautuka biyar yake tafiya.

Sai lokaci. Sauke manhajar da ke buga ƙwas-ƙwas daidai, sa ta a 80, ka riƙa tafi tare da ita kana rera baiti. In ka samu mai kalangu ko mai gurumi da zai yarda ka zauna kusa da shi da yamma, ya fi kowace manhaja, don shi zai harare ka in ka riga kiɗa.

Nemi mai piyano ya zauna da kai sau ɗaya a mako. Akwai su a sitidiyoyi, akwai su cikin ƙungiyoyin makaɗa, akwai masu koyar da mawaƙan coci da suka iya karatun sauti sosai. Ku yi ciniki a kan wata, ba a kan zama ba, kuma ka biya wata ɗaya tukuna ka ga kamun ludayinsa. Abu na farko da zai samo maka shi ne ma'aunin da muryarka ta fi zama a kai, wanda masu piyano a nan ke ce wa gam, na wajen Kano su ce ki. Rubuta shi a bangon littafinka.

5. Hausar bakinka

Wannan matakin babu wanda zai koya maka shi a bidiyon Turawa. Hausa tana da karin sauti, tana da dogon wasali da gajere, kuma su ke rarrabe ma'ana. Kuka na yaro da kuka ta miya a rubuce ɗaya suke, sauti ya raba su. Garin Maraɗi da garin tuwo, tsawon wasalin farko ya raba su. In ka ɗauko karin waƙar Indiya ko ta Legas ka cusa masa kalmomin Hausa da ƙarfi, sai ka ja gaɓar da ba a ja, ka ɗaga wadda ake saukewa. Samari za su yi rawa, amma tsohuwa a cikin gida za ta ce, "Wannan yaron me yake faɗi?"

Ga yadda nake yi. Rubuta baitin. Karanta shi da ƙarfi kamar kana yi wa Inna magana, sau biyar, kana jin inda murya ke hawa da inda take sauka da kanta. Daga wannan hawa da saukar za ka ciro karin. Inda kari da kalma suka yi faɗa, canza kalmar ko ka lanƙwasa karin, kada ka karya kalmar. Dogon sauti a kan dogon wasali ake ɗora shi. Sa alama da biro a duk inda za ka ja numfashi, kuma kada alamar ta faɗo a tsakiyar kalma.

Amsa-amo yana da daɗi, amma kada ka cika ƙarshen layi da kalmar da ba ta da aiki don kawai ta ƙare da "ya". Ka kuma kula da ɓ, ɗ, ƙ, ts da ƴ. Mikro yana tona asirin mai cinye haruffa. Wanda ya yi tajwidi a Islamiyya ya riga ya san mafitar harafi da riƙon numfashi, ya yi amfani da wannan horon.

Kowane mako ka zaɓi waƙar tsohon mawaƙi ɗaya, na fada ko na noma ko na kokowa, ka rubuta ta kalma-kalma. Ka lura inda yake numfashi, inda yake jefa wa ƴan amshi, inda yake barin kalangu ya ƙarasa masa magana. Don koyo ne, ba don ka ɗauki baitinsa ka sa a taka ba.

6. Shiga amshi

Nemi mawaƙin da ake kira biki a kai a kai, mai mutunci a unguwarsa, ka je da babbanka a gabatar da kai. Ka ce, "Maigida, na zo koyo ne." Za ka ɗauki bafil, wato lasifika, za ka naɗe waya, za ka yi amshin layi ɗaya sau hamsin a dare guda. Ka ba shi shekara ɗaya aƙalla. A bayansa za ka ga abin da ba ya rubutuwa: yadda ake karanta taro, yadda ake tambayar sunayen dangin amarya tun kafin a fara, lokacin da ake sauya waƙa in mata sun fara zama, yadda ake yi in wani ya zo da rigima.

Gargaɗi: tun ranar farko ka ji yadda ake rabo, a gaban shaida. Kada kuma ka karɓi lambar mai biki a bayan idon maigidanka. Garin ƙarami ne, kafin ka kai gida labarin ya riga ka.

Ƙanwata, wannan naki ne. Ki je atisaye da yayanki ko ƙawa, da rana. Duk wanda ya ce sai kin zo ke kaɗai da dare zai "gwada muryarki", ba murya yake nema ba. Akwai mata masu waƙar biki da ƙungiyoyinsu, a hannunsu ya fi kwanciyar hankali a fara.

7. Karatun aji

Mai son ya iya karanta kiɗa a takarda, ya riƙe kayan kiɗa da ƙa'ida, a Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Taya. Tafiyar ta haura kilomita 600, don haka kada ka hau mota sai ka tabbatar da lokacin ɗaukar ɗalibai, takardun da ake nema da kuɗin karatu, daga bakin cibiyar kanta. Lissafinka ya haɗa da kuɗin mota zuwa da dawowa, masauki, abinci da zirga-zirgar cikin gari. Masauki ne ke karya mutane, ka fara neman dangin da za su riƙe ka. A nan gida ka riƙa leƙa gidan matasa da al'adu na Bawa Ɗan Wardanga da ofishin al'adu na jiha, can ake jin labarin horo na ƴan kwanaki da gasa.

8. Ƙaramin dandali

Fara da sunan gidanku, bikin ƙarshen shekara na makaranta, taron matasan unguwa. Waƙa uku da ka haddace har cikin barci sun fi goma da kake leƙen waya.

Je wurin awa ɗaya kafin lokaci. Gaisa da mai sono, wato mai kayan sauti, da girmamawa, don rabin muryarka a hannunsa take. Gwada mikro da ainihin ƙarfin da za ka yi waƙa, ba "alo, alo" ba. Riƙe shi a jiki, yatsu biyu ko uku tsakaninsa da baki, ka ɗan janye in za ka ɗaga murya. Kada ka dunƙule kansa a tafin hannu, kada ka tsaya da shi a gaban bafil, su ke kawo wannan ƙarar mai tsaga kunne. In ba ka jin kanka, ka roƙi a juyo maka bafil ɗaya, kada ka ƙara ihu. Ka tambaya ko akwai gurup, wato injin ba da wuta, da mai a cikinsa. Na taɓa yin biki a wani ƙauye ta hanyar Madarunfa, wuta ta ɗauke a baiti na biyu, kiɗan duk a waya yake. Wani dattijo mai kalangu da ya zo kallo ne ya fitar da ni kunya. Tun ranar kowace waƙata sai na iya yin ta da tafi kaɗai.

Gargaɗi kan kuɗi: karɓi rabi kafin alƙalami, sauran kafin a tashi. A faɗi a fili sefa ne ko naira, don a Maraɗi duka biyu suna yawo, kuma naira tana iya sauka tsakanin ranar ciniki da ranar biki. A yanke tun farko wa ke biyan sono da mota, kuma kuɗin liƙi na wa ne, naka kai kaɗai ko na raba wa da makaɗa. Yawancin faɗan da na gani bayan biki a kan liƙi ne.

9. Sitidiyo

To, ga shi mun iso. Ka je da waƙa ɗaya tak, wadda ka riga ka rera a gaban mutane sau da yawa ka ga inda suke amsawa.

Kuɗin kashi huɗu ne: haɗa kiɗa, ɗaukar murya, tacewa, sai hakkin ƴan amshi. Farashi yana bin sunan sitidiyo da kayan aikinsa, saboda haka ka zaga uku, ka tambayi kowanne ko kuɗin da ya faɗa ya haɗa duka huɗun, da sau nawa za a yi maka gyara kyauta. Kada ka tsaya kan hoton bango da fitilu masu launi. Ce a kunna maka aikin da suka gama, ka saurara a wayarka da kuma ƙaramar rediyo, don a nan mutane za su ji ka. Tara kuɗin da kanka: dala 100, wato sefa 500, a asusu kullum, jaka 15 ke nan a wata. Kada ka ci bashi, kada ka sayar da akuyar Inna saboda waƙar farko.

Ranar ɗauka ka yi barci sosai, ka ci abinci marar nauyi awa biyu kafin, ka ɗuma murya a gida. Gaya wa mai piyano ma'auninka kafin ya taɓa komai. In ya riga ya haɗa kiɗa a inda ya fi ƙarfinka, ce ya sauke, minti ɗaya ne a wurinsa. Tsaya kamar taƙi ɗaya daga mikro. Ɗauki baiti-baiti, ka saurari kowanne kafin ka wuce. Auto-Tune, manhajar da ke daidaita sautin murya, kamar gishiri yake, ce a sa kaɗan. In aka cika shi za ka ji daɗi yau, ranar biki kuma a ce ba kai ne mai waƙar ba.

Gargaɗi: kada ka fita sai da abu uku a katin ajiyarka, waƙar a WAV, waƙar a MP3, da kiɗan zalla ba murya, wanda za ka riƙa hawa dandali da shi. Ka tura kwafi zuwa imel ɗinka a ranar. Waƙoƙina biyu na farko sun tafi tare da kwamfutar wani sitidiyo da ta ƙone, ba ni da ko baiti. A kuma rubuta a takarda cewa kiɗan naka ne, ba za a sayar wa wani ba, ku sa hannu ku biyu da shaida.

10. Takarda tukuna, sannan saki

Kafin waƙar ta fita daga hannunka, nemi rajista da BNDA, hukumar kare haƙƙin mawallafa ta Nijar. Ofishin al'adu na jiha zai nuna maka hanya. Tanadi katin ɗan ƙasa, hotuna, rubutattun baitocin da kwafin waƙar. A rubuta wanda ya yi baiti da wanda ya yi kiɗa tun ana shiri, kafin kuɗi ya shigo tsakani.

Sannan ka sake ta. Faɗi sunanka a cikin waƙar, a farko ko a ƙarshe, don in ta shiga WhatsApp da hannun masu tura waƙa a kasuwa, sunan da ke jikin fayil gogewa yake. Kai wa gidajen rediyon gari irin su Anfani, Saraounia da Garkuwa da ƙafarka, ka nemi mai shirin waƙoƙi, ka gaishe shi, ka bar lambarka. Yanki daƙiƙa 30 mafi daɗi ka sa a TikTok da Facebook, cikakkiyar kuma a YouTube da Audiomack. Bidiyo ya jira sai ka ga waƙar ta kama. In an buɗe gasar waƙa ta Ɗan Gurmu, wadda ake yi a Tawa, ka nemi shiga zaɓen jiha ko da ba ka sa ran ci, don alƙalan wurin za su gaya maka abin da abokanka ba za su faɗa ba.

Gargaɗi: da sunanka ya ɗan fito, za a zo maka da kuɗi ka yi wa wani mai neman kujera waƙa, ko ka yi wa abokin gabarsa zambo. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kafin ka karɓa, ka ce a ba ka kwana biyu, ka kai maganar wurin maigidanka da wanda ya raka ka gaban Baba a mataki na 1. In sun ce ka yi, yabo kaɗai, ban da sunan kowa a zagi, kuma a biya ka duka kafin ka shiga sitidiyo.